Butar shayin Fukuroi

Mahaifina ya yi shekara 22 yana sayar da shayi a bakin titi a Funtuwa, daidai inda direbobin manyan motoci ke yada zango kafin su ɗauki hanyar Gusau. A kan bencinsa na koyi ƙirga canji, a nan kuma na san cewa wanda ya kwana yana tuƙi ba ya son doguwar gaisuwa sai ya kurɓi ruwan zafi. Shi ya sa ranar da na fara ganin hoton zangon Fukuroi ƙafafuna suka ƙi matsawa.

Karatu ne ya kai ni Hamamatsu, a lardin Shizuoka na ƙasar Japan. Wata Lahadi na raka wani abokin karatuna zuwa Yui, wani ƙaramin gari a bakin teku, inda akwai gidan adana zane-zanen Utagawa Hiroshige da aka buɗe a 1994. Muna bin bango hoto bayan hoto sai na iso kan wata takarda da ba ta fi faɗin rajistar makaranta ba. Babbar bishiya ce a bakin hanya, an kafa 'yar rumfar zana a gindinta. An rataye ƙatuwar buta a reshe, wata mata ta sunkuya tana iza wuta a ƙarƙashinta. Wani ɗan dako ya duƙa yana kunna lofensa a wutar, abokin aikinsa ya jingina da abin da suke ɗaukar fasinja a ciki yana hutawa, wani matafiyi kuma na zaune a benci. In ban da tufafinsu da irin askinsu, wurin Baba ne sak.

Sai daga baya na san labarin hanyar. Tokaido ita ce babbar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokiyo ta yau, da Kiyoto. Ta kusa kilomita 500, mai tafiya a ƙasa yakan yi kamar mako biyu. An yanka ta zango 53, kowane da masaukai da masu abinci da wurin canjin dawaki da 'yan dako. Tun 1635 gwamnatin shogun, shugaban sojan da ke mulkin ƙasar, ta wajabta wa sarakunan larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a gida, don haka hanyar ba ta rabuwa da ayarin masu mulki, ga fatake, ga masu ziyarar wuraren ibada, ga 'yan aike masu gudu da wasiƙu. Hiroshige, wanda aka haifa a 1797 a gidan ma'aikacin kashe gobara, ya fitar da jerin hotunansa na wannan hanya wajen 1833 zuwa 1834. Guda 55 ne, zango 53 da gadar Nihonbashi inda ake tashi da gadar Sanjo inda ake sauka. Fukuroi shi ne na 27, tsakiyar lissafi cif, kuma bai kai rabin sa'a a jirgin ƙasa daga ɗakina ba. Hamamatsu kanta ita ce ta 29. Wata takwas ina kwana ina tashi a kan hanyar ban sani ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne inda mai zanen ke ajiye idonsa. A hoton Nihonbashi ga ayarin basarake ya danno kan gada da sassafe, amma waɗanda ke kusa da mai kallo masu tallar kifi ne da kwandunansu. A Shono ruwa ya tsuge, masu ɗauke da fasinja na haurawa tudu, wasu na gangarowa a guje sun dunƙule kai. A kogin Oi, wanda gwamnati ta hana a yi wa gada, ƙarti ne ke ƙetarar da mutane a kafaɗa, kuɗin kuma ya danganta da inda ruwa ya kai a jikinsu, ko ƙugu ko ƙirji ko hammata. Duniya ta fi sanin hoton igiyar ruwan nan ta Hokusai, har a jikin riguna ake buga shi. Ni kam waɗannan masu neman na abinci su suka fi min.

A gidan adana zanen akwai wani lungu da ake biyan 'yan kuɗi kaɗan, a ba mutum katakan da aka riga aka sassaƙa, ya buga hoto da hannunsa. Cikin minti goma na fito da nawa, na ce a raina ashe abin ba wuya. Da na ga sanarwar ajin koyon wannan sana'a a ɗakin taron unguwarmu, duk Asabar har mako 12, ban yi shawara da kowa ba na rubuta sunana.

Mu takwas ne, ni kaɗai ne ban yi furfura ba. Malamarmu wata dattijuwa ce da ta haura saba'in, kowa Sensei yake ce mata, kamar yadda za mu ce Malama. Abin da ta fara faɗa mana shi ne a zamanin Hiroshige ba mutum ɗaya ke aikin da za mu yi ba. Mai zane daban, mai sassaƙa daban, mai bugawa daban, sannan ga mai jarin da ya ɗauke su aiki yake sayarwa. Kowanensu shekaru yake yi a gaban ubangida kafin a sakar masa aiki. Da na nuna mata hoton Fukuroi na ce shi nake so, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki takardu biyu ta rufe gonaki da dokin da ke gefen dama, ta rufe saman bishiyar. Ta bar min gindin bishiya, da buta, da matar, da mai kunna lofe. Ta ce ko wannan ma in na gama na yi ƙoƙari.

Mako na farko na kwafi layukan da baƙar tawada a kan wata takarda shara-shara. Aka shafa talgen shinkafa a jikin katako, muka kifa zanen a kai, fuskarsa ƙasa. Da ya fara bushewa sai a jiƙa ɗan yatsa a riƙa murza bayan takardar a hankali, tana fita kamar dauɗa, har layukan su bayyana ta baya. Ɗigon mai guda ya ƙara fito da su. A kan wannan takarda wuƙa za ta bi, ta cinye ta gaba ɗaya. Na tambayi Sensei, to zanen da Hiroshige ya miƙa wa mai sassaƙa fa? Ta ce haka shi ma ya ƙare, ɓarɓashi a ƙasan shago. Layin da muke gani a bango yau, wanda wuƙar wani ta bari ne.

Mu filawud na wani icce mai taushi da suke kira shina aka ba mu. Masu sana'ar asali da yamazakura suke aiki, dangin bishiyar nan mai furanni da Japan ta yi suna da ita, saboda taurinsa yana jure bugu ɗaruruwa layi bai mutu ba. Ta ba ni guntunsa in gwada, wuƙar ta zame kamar a kan tangaran.

Wuƙar kuwa, hangito, ba riƙon alƙalami ake yi mata ba. A dunƙule ake kama ta a tsaye, babban yatsa a kan ƙotarta, yatsan ɗaya hannun yana tokare da ita yana yi mata jagora. Kowane layi yanka biyu ne, ɗaya ta kowane gefe, kuma dole bakin wuƙar ya karkata waje don layin ya tsaya da faffaɗan gindi kamar ganuwa. Abin da za a gani a takarda shi ake bari, duk sauran a kwashe. Ranar da wannan ya zauna min a kai na koma gida na buɗe hoton Shono na zuba wa ruwan saman ido. Kowane zaren ruwa a wurin wani ɗan siririn tudu ne da mutum ya yanka ta dama, ya yanka ta hagu, ya kwashe abin da ke tsakaninsa da na kusa da shi ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Sensei ta ce ƙwararrun da ke sassaƙa gashin goshin mata sukan fitar da har layi uku cikin milimita guda, kuma babban gwanin shago kaɗai ake bar wa wannan wurin.

Mako uku na yi a kan wannan katako ɗaya. A na ukun, ina bin abin da aka rataye butar da shi, hannuna ya juya, na karkatar da wuƙar ciki maimakon waje. Ban ji komai ba sai wani ɗan ƙas. Tsawon ƙwayar shinkafa biyu ya ɓalle daga tsakiyar layin, butar ta koma tana shawagi ba abin da ke riƙe da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin aikin mako uku ya tafi. Sensei ta jawo katakon gabanta ba ta ce uffan ba. Ta huda ɗan rami mai kusurwa huɗu a wurin, ta fiƙe wani guntun icce, ta buga shi ciki da 'yar guduma, ta goge shi ya yi daidai da fuskar katakon. Ta miƙo min wuƙar ta ce, "Mo ichido," wato sake. Ta ce da irin wannan cikon masu jarin da ke can suke canza suna ko fuska a tsohon katako su sake sayarwa. Na sake yanka layin a kan cikon nata, numfashina a riƙe.

Kwashe sararin da ya rage aikin ƙarfi ne kawai, da wasu ƙarafa masu baki kamar indararo da wasu masu faɗin baki. Na yanke yatsa sau biyu, ba wani abin labari ba.

Sai wani abu ƙarami da duk sana'ar ta rataya a kansa, kento. Alamomi biyu ne da ake yankawa a gefen katako, ɗaya kusurwa ce a ƙasan dama inda kusurwar takarda za ta zauna, ɗaya ɗan miƙaƙƙen layi inda gefenta zai jingina. Zurfinsu bai fi kaurin takarda ba sosai. Muka buga baƙin katakon a kan takardu shara-shara guda huɗu, har da alamomin, a kowace na shafa ja a wurin da launi ɗaya zai hau, muka kifa su a kan sababbin katakai, aka koma sassaƙa. Ta haka kowane launi ke da katakonsa, kuma kowane katako ya gaji kento daga uwa ɗaya. In ya goce da kaurin gashi, launin rigar matar zai tsallake layi ya hau bishiya. Da wannan 'yar dabara aka fara fitar da hotuna masu launuka da yawa a Edo wajen 1765.

Nawa launuka huɗu ne bayan baƙi: ruwan ƙasa na bishiya da rumfa, launin fata, toka-toka na buta da hayaƙi, da shuɗi.

Takardar bugu daga ɓawon wani icce mai suna kozo ake yin ta, mai kyan kuwa daga Echizen take zuwa, a lardin Fukui. Ana shafa mata ruwan gam da alif don kada launi ya bazu. Ba a bugu a kanta a bushe. Daren jajibiri ake jera ta tsakanin jiƙaƙƙun jaridu a sa a leda ta kwana, da safe ta yi sanyi a bayan hannu amma ba ta jiƙa shi ba. A nan na yi asarar da har yau take min ciwo. Watan Yuni ne, damina ta kankama, iska kanta a jiƙe take. Na jiƙa takarduna ran Juma'a, jarrabawa ta hana ni zuwa aji, na bar ledar a kan tebur har mako ya zagayo. Da na buɗe, funfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo baƙi da rawaya, guda 12, kuma masu tsadar ne. Laifina ne, don an gaya mana a sa a firji in za a jinkirta.

Ranar bugu a ƙasa ake zama, katako a kan wani gajeren teburi da ya ɗan karkata gaba. A jiƙa katakon, a ɗiga launi, a ɗiga talgen shinkafa kamar ƙwayar wake, a haɗe su a kan katakon da burushin gashin doki har fuskarsa ta yi sheƙi bai ɗaya. A ɗauko takarda tsakanin yatsu biyu na kowane hannu kamar almakashi, babban yatsan dama ya zaunar da kusurwarta a kento, na hagu ya jingina gefenta, a sake ta ta kwanta da kanta. Babu inji, babu abin matsewa. Sai baren, wani ɗan faifai da bai wuce tafin hannu ba. Cikinsa igiya ce da aka tufka da zaren ɓawon gora aka naɗe ta kamar gammo, aka lulluɓe da ɓawon gora guda wanda aka murɗe bakinsa ya zama mariƙi. Ƙulle-ƙullen igiyar nan su ke tura launi cikin naman takardar. Ana goga shi a tsumma mai ɗan mai don ya yi santsi, sannan a murza bayan takardar da ƙarfin kafaɗa, ba na wuyan hannu ba.

Na farkon da na ɗaga ya fito da farare-fararen ɗigo ko'ina. Wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙo ya ce goma-zuri, bugun riɗi, talge ya yi kaɗan, hannu kuma bai danna ba. Na ƙara talge, sai launi ya taru a bakin layuka ya yi kauri. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri da ba ya faɗuwa da baki. Sensei takan kara kunne ne kawai, daga ƙarar burushi a kan katako ta san ko ruwa ya yi yawa. Kalmarta kullum ɗaya ce, "Yukkuri," a hankali. Amma in ka cika jinkiri launin ya bushe kafin takarda ta sauka.

Baƙi ake fara bugawa a duk takardun, sannan launuka daga mai haske zuwa mai duhu. Na ƙarshe shi ne shuɗin nan da ke kwance a saman hotunan Hiroshige da yawa, mai duhu a baki yana narkewa har ya ɓace. Bokashi suke ce masa, kuma ba a jikin katako yake ba, babu abin da aka sassaƙa. Mai bugu ne ke shafa jiƙaƙƙen tsumma a inda yake so launin ya mutu, ya sa launi a gefe ɗaya na burushi, ya riƙa kai da komo a miƙe har ruwa da launi su sadu. Kowace takarda sai an sake yi mata daga farko, shi ya sa kwafi biyu na hoto ɗaya ba sa zama daidai. Shuɗin kansa baƙo ne. A Balin ta Jamus aka fara haɗa shi, jiragen fatake suka kawo shi ta Nagasaki, ya yi araha wajen ƙarshen shekarun 1820, suna kiransa bero-ai. Da wannan dabarar na yi hayaƙin murhun matar, kuma shi ne wurin da na fi alfahari da shi.

Takarda 30 na buga, kowace sau biyar, bugu 150 ke nan cikin Asabar uku. Guda bakwai ne suka fito yadda zan iya nuna wa mutane. Kafaɗata ta yi kwana huɗu ba ta ɗaguwa sosai. Masu bugun Edo kuwa wajen 200 suke yi a zubi ɗaya, launuka sun fi goma, a sayar da kowane a kan kuɗin da bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Ina tausa kafaɗar na ce wa Sensei abin da ke damuna. A jikin hoton ga sa hannun Hiroshige, ga hatimin mai jari, ga na jami'in tace hotuna, amma wanda ya yanka layin da wanda ya murza baren ba a san da su ba. Na ce mata wannan bai yi min daɗi ba, na taso a cikin mutanen da ake cin guminsu ba a tambayar sunansu.

Asabar ta ƙarshe ta zo da babban kwafin hoton Goyu, zango na 35, da gilashin ƙara girman rubutu. Hoton da magariba ne, matan masauki sun cafke matafiya a tsakiyar titi suna jan su da ƙarfin tsiya, ɗaya ta shaƙe wani da ƙunshin kayansa. A dama wani baƙo ya zauna a bakin masauki za a wanke masa ƙafa. Ta ɗora gilashin a kan wasu allunan katako da ke rataye a bangon masaukin, irin waɗanda ake rubuta sunayen ƙungiyoyin matafiya a kai. Ta karanta min ɗaya bayan ɗaya. Mai sassaƙa, Jirobei. Mai bugu, Heibei. Kusa da su sunan mai zanen. A cikin hoton aka saka su, a bangon masauki, inda duk wanda ya saya zai tafi da su gida. Na karɓi gilashin na daɗe a kansu, ko da yake a lokacin ba na iya karanta rubutun sosai.

Da dare na ɗauki fensir na rubuta a ƙasan guda bakwai ɗin nan, da Hausa: zane na Hiroshige, sassaƙa da bugu nawa, cikon marataya na Sensei.

Ran Lahadi na kira ƙanina ta bidiyo na ce ya kai wa Baba wayar. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi yanzu, ƙanin nawa ke riƙe da teburin. Na kara hoton a gaban waya ban yi masa bayanin komai ba. Ya matso da fuskarsa har hularsa ta cika allon.

"Wannan matar ita ce mai wurin?"

Na ce ita ce, Baba.

"Ta san aiki. Ta samu inuwa, ta samu bakin hanya." Ya yi shiru, sannan ya sa yatsa a kan allon. "Wancan da ya duƙa bai sayi komai ba, wuta ya zo nema. Irinsu ba a korarsu. Gobe shi zai kawo maka fasinja."

Na gaya masa hoton ya kusa shekara 200, kuma ni na sassaƙa wannan da hannuna. Ya tambaya wata nawa na yi, na ce uku. Ya ce Allah ya yi albarka, in aiko masa da ɗaya.

Na sa mafi kyan a tsakanin kwalaye biyu na ba wani ɗan Katsina da zai je gida hutu. Ƙanina ya sa shi a leda ya kafe a jikin allon da ke bayan teburin, sama da gwangwanayen madara. A hoton da ya turo min kwanan baya hayaƙin murhu ya fara dafar da ledar, shuɗin saman dai yana nan.